Kafin ka canza fikof ɗin jitarka, gwada farantin ƙarfe

Salam 'yan uwa masu kaɗa jita. In fikof ɗinka (abin nan mai maganadisu da ke ɗaukar sautin tsirkiyoyin jitar lantarki) na wajen gada, wato inda tsirkiyoyi suke zaune a jikin jita, yana tsinin sauti har yana cizon kunne, kar ka yi saurin sayen sabo. Manna ɗan farantin baƙin ƙarfe a ƙasansa kawai.

Ka kai fikof ɗin wajen masu walda a Sabon Gari su yanka maka daidai gindinsa, kauri kamar milimita 1 zuwa 1.5. Ka je da maganadisu, ƙarfen da bai kama ba ka barshi.

Dalili kuwa, ƙarfen yana haɗuwa da maganadisun fikof ɗin sai sauti ya yi kauri, bas ya ɗan ƙaru, tsinin nan ya sauka. Ba sabon abu bane, jita samfurin Telecaster da farantinta take zuwa tun daga kamfani, samfurin Stratocaster ce bata da shi. Tagulla da alminiyam su basa kama maganadisu, tsinin kawai zasu rage maka.

Sa salatif inda wayoyi suka fito kar faranti ya taɓa su, in ya taɓa sauti zai ɗauke gaba ɗaya. Ka haɗa farantin da wayar at (earth) da dalma, sannan ka liƙe shi sosai da kakin zuma, don in yana motsi ko kaɗan to kana ƙara murya a amfilifaya zai fara ihu ana tsakiyar biki, kunya kenan.

Inda baya aiki: fikof masu araha da aka manna musu dogon maganadisu a ƙasa. Juya naka ka duba tukuna, in ka ga baƙin sanda a manne to babu wajen sa faranti.