Bayan tiyatar rage tumbi: raba ruwa da abinci

'Yan uwa da aka yi wa tiyatar rage ƙiba, kada ku haɗa ruwa da abinci.

Ku daina sha minti 30 kafin ci, ku jira wasu minti 30 bayan kun gama.

Dalili kuwa, an rage girman tumbin, wato jakar abinci ta cikin ciki; a wani nau'in tiyatar ana cire kusan kashi 80 cikin 100 nasa. Ruwa zai cinye gurbin ƙwai, kifi ko wake da jiki ke buƙata. Ko kuma ya tura abinci cikin hanji da sauri, sai jiri, zufa da gudawa su biyo baya.

Dabarar ƙirgawa: da safe ku ware ledar fiya wata uku, lita ɗaya da rabi ke nan. Ku zuba a ƙaramin kofin shayi, kuna kurɓa kaɗan-kaɗan har dare. Ban da kwankwaɗa. Lemon kwalba kuwa ku manta da shi, iskarsa na kumbura ciki.

Amma a zafin Gombe na Maris da Afrilu, uku ba za su isa ba. In fitsari ya yi duhu, ku ƙara.

Mai ciwon ƙoda ko zuciya kuma, adadin da likita ya yanka masa zai bi.