Kalmomin kwamfutar hannu da ake yawan ruɗewa da su

Ɗalibai a Birnin Kebbi da Aliero, malaman Islamiyya a Jega, 'yan kasuwar shinkafa a Argungu, duk sun rungumi kwamfutar hannu, wadda aka fi kira tabulet. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda ake kai wa masu gyara lafiyarsu ƙalau. Mai ita ne ya ɗauki wata kalma a matsayin wata, ya danna inda bai kamata ba.

Babbar mai ruɗa mutane ita ce memori, domin abu uku ake kira da wannan suna: RAM, da ma'ajiyar ciki, da katin da ake sakawa ta gefe. Ma'ajiya kamar rumbu take, nan hotuna da bidiyo da littattafai suke kwana. RAM kuwa turmi ne, gwargwadon faɗinsa gwargwadon abin da za a daka a lokaci guda. Girman rumbu ba ya ƙara wa turmi faɗi. Saboda haka idan tabulet tana tsayawa duk sanda ka fita daga WhatsApp zuwa burauza, ko ka sayi kati mai GB 128 ba abin da zai sauya. Idan ka ga an rubuta 4/64 a kwali, na farko RAM ne, na biyu ma'ajiya. Mai RAM GB 2 tana wahala da manhajojin yanzu, ɗalibi ya nemi mai 4 ko sama. A kula da masu rubuta 4+4: 4 na biyun aro ne daga ma'ajiya, bai kai na asali sauri ba. Kada ka tsaya ga abin da kwali ya faɗa, ka shiga saiti a gaban mai shago ka duba da idonka. Kuma iPad, tabulet ɗin kamfanin Apple, ba ta da ramin kati ko kaɗan, abin da ka saya da shi za ka zauna.

Sai kalmar data. A bakinmu data ita ce wadda ake saya a MTN ko Airtel. A cikin saiti kuwa tana nufin duk abin da manhaja ta adana game da kai. Nan ake yin asara mai ciwo: mutum ya ga "Clear data", ya zaci zai rage cin datarsa, ya danna, manhajar ta koma kamar yau aka sauko da ita. WhatsApp zai nemi a sake tabbatar da lamba, hirarrakin da ba a yi wa ajiya ba kuma suna iya tafiya. Wanda ba shi da haɗari shi ne na kusa da shi, "Clear cache", tarkacen wucin gadi kawai yake sharewa. Hanyar ita ce saiti, sai jerin manhajoji, ka zaɓi wadda kake so, ka shiga ma'ajiyarta. A wasu na'urorin "Clear storage" aka rubuta wa mai haɗarin, abu ɗaya ne.

Haka "Restart" da "Reset". Na farko kashewa ne a kunna, ba ya taɓa komai naka, kuma yana warware ƙananan matsaloli da dama. Na biyu, musamman "Factory reset", shara ce kakaf. Bayan sharar ma akwai sauran rina a kaba: tun daga Android 5.1 na shekarar 2015, na'urar da aka goge da ƙarfi, wato ba ta cikin saiti ba, ba ta buɗewa sai an saka adireshin Google da kalmar sirrin da ke kanta a da. Mutane da yawa a shago aka buɗe musu Gmail, ba su taɓa rubuta kalmar sirrin ba. Rubuta ta yau a takarda, ka adana a gida. Idan kuma wadda aka yi amfani da ita za ka saya, mai sayarwa ya cire asusunsa a gabanka kafin ka miƙa kuɗi. iPad ma tana da irin wannan kulle da asusun Apple.

Ba kowace tabulet ke ɗaukar layi ba. Wadda aka rubuta wa Wi-Fi kawai sai ka jona ta da hosfot ɗin wayarka. Matsalar ita ce tana iya ɗaukar hosfot a matsayin intanet mara iyaka, sai ta hau sabunta manhajoji, GB 1 ya ƙare kafin ka ankara. Shiga saitin Play Store ka kashe sabuntawa ta kai tsaye.

Cire alamar manhaja daga fuskar allo da "Remove" bai goge ta ba, tana nan tana cin wuri. "Uninstall" ne gogewa.

Bayan kalmomi, sai jikin na'urar. Allon kansa ba ƙarfin dannawa yake ji ba, ɗan cajin lantarkin jikin yatsa yake ganewa. Shi ya sa jiƙaƙƙen hannu bayan alwala ko gumi ke rikita shi. Idan yana danna kansa yayin caji, fara zargin caja mai arha ko wutar janareto mara daidaito: zare ta, goge allon da ƙyalle mai laushi, ka gwada wata caja. Kuma allon hawa biyu ne, gilashin taɓawa a sama, mai nuna hoto a ƙasa. Idan hoto na fita tsaf amma taɓawa ta ƙi, a na'urori da yawa na saman kaɗai za a canza, kuma ya fi araha. A wasu kuwa manne suke, dole a canza su tare. Tambayi mai gyara wanne ne naka kafin ku yi ciniki.

Apple ya ƙayyade digiri 35 a matsayin iyakar zafin da ya dace a yi aiki da iPad, alhali a watannin Maris da Afrilu zafin Kebbi yakan haura 40. Tabulet da aka bari a mota ko ake caji a ƙarƙashin matashin kai batirinta na iya kumbura ya ɗago allon daga gefe. Idan ka ga haka kada ka danne shi da hannu, kada ka sake jona caja. Kashe ta, ka kai a canza batirin.