Yadda za ka zaɓi manhajar DJ kafin ka zuba kuɗinka

Duk yaron da ya fara sha'awar aikin DJ abin da yake fara jefo maka shi ne "Yaya, tsakanin VirtualDJ da Serato wanne ya fi?" Gaskiya babu wanda ya fi a haka kawai, sai an san inda za ka riƙa kiɗa da kuma irin laftof ɗin da ke hannunka. Haɗa waƙa biyu su tafi tare kam kowace manhaja tana yi, har ta waya ma. Inda suka rabu shi ne kayan da suke yarda su yi aiki da su, da kuɗin lasisi, da yadda suke riƙe maka tarin waƙoƙinka. To bari mu bi abin daki-daki.

Mataki na 1: ka san wurin da za ka riƙa kiɗa

In biki ne abincinka, wato kamu da dina da ranar ƙauyawa da suna, kai ne za ka ɗauko sifikunka da janaretanka ka kafa, to ni dai VirtualDJ zan ce ka fara da shi. Kamfanin Atomix ne ya fitar da shi tun 2003, kuma dalilin da ya sa 'yan biki suka riƙe shi ba wani boyayye ba ne, kusan duk kontrolar da ka jona masa, wato na'urar nan mai faifai da maɓallai da ake sarrafa manhajar da ita, zai gane ta, yana kunna bidiyo in akwai majigi, kuma neman waƙa a cikinsa ba ya cin lokaci. Wannan na ƙarshen kar ka raina shi. Ana tsakiyar liƙi ƙawaye sun cika fili, sai ga gwaggon amarya ta zo kanka da waya a hannu ta ce "ɗana, wannan waƙar nake so yanzun nan", to a lokacin ba ƙwarewar sikirachi, wato murza faifai gaba da baya da hannu, ake nema ba, so ake ka buga harafi uku waƙa ta fito ka shigar da ita ba tare da fili ya mutu ba.

In kuma burinka kulob ne irin na Abuja ko Legas, labari ya canza. Manyan wurare da yawa suna da nasu injinan kunna waƙa na kamfanin Pioneer da ake kira CDJ a kafe, ba sa buƙatar ka taho da komai sai filash da abin ji na kunne. Manhajar da ke shirya wannan filash ɗin ita ce rekordbox, wadda ta fito a 2009. A gida za ka tsara waƙoƙin, ka sa alamomin shiga, wato daidai inda kake so waƙa ta fara, ka tura cikin filash, kana sokawa a CDJ komai ya fito maka yadda ka bar shi. Ka yi wa filash ɗin fomat na FAT32, don tsofaffin injinan akwai tsarin da ba sa karantawa.

Serato na kamfanin New Zealand ne, tun 2004 ya yi suna wajen masu sikirachi da 'yan hip hop, kuma mutane na son shi ne don fuskarsa ba hayaniya, ba ya kuma yawan tsayawa ana tsakiyar aiki. Amma shi fa ba ya buɗe maka kansa duka sai ka jona kontrola ko miksar da ke cikin jerin da ya amince da su. Traktor na Jamusawa ne, kamfanin Native Instruments da ke Berlin, yana da kyau sosai ga masu tekno da house, sai dai a nan masu amfani da shi ba yawa, in ka maƙale da wuya ka samu wanda za ka kira. Akwai Mixxx wanda kyauta ne ɗari bisa ɗari kuma yana tafiya har a Linux, akwai djay ga wanda waya ko iPad kawai yake da ita.

Mataki na 2: ka duba laftof ɗinka da idon basira

Yawancinmu laftof ta hannu muke saye, ba laifi ba ne. Ka nemi Core i5 ko sama, RAM kar ya gaza 8GB, kuma ya zama SSD ne a ciki ba tsohon hadis mai juyi ba, domin girgizar bes a kan tebur ɗaya da sifika tana iya sa mai juyin ya riƙa sarƙewa. Batir kuma shi ne rai, in an ɗauke wuta kafin a ja janareta laftof ta mutu to sai ka sake kunna komai daga farko jama'a na kallonka.

Abin da ke cin ƙarfin kwamfuta yanzu shi ne abin da suke kira Stems, wato manhaja ta raba waƙa nan take ta ware murya daban, ganga daban, bes daban, har ka iya cire muryar mawaƙi ka bar kiɗa MC ya yi magana a kai. VirtualDJ ya kawo shi a 2020, Serato ya biyo a ƙarshen 2022. Abin daɗi ne wallahi, amma a ƙaramar laftof za ka ji fanka ta fara ihu sauti ya fara yankewa. In taka ba ta da ƙarfi ka kashe shi kawai, an yi shekaru ana cika fili babu shi.

Mataki na 3: kar ka sayi kontrola sai ka yanke shawarar manhaja

Nan ne ake yawan asara. Mutum ya ga kontrola mai fitilu a kasuwa ya saye, ya zo gida manhajar da ya saba da ita ta ƙi ganinta. Ka shiga shafin kamfanin ka duba ko sunan kontrolar yana jerinsu. Wasu suna zuwa da manhajarsu ne a buɗe, misali DDJ-FLX4 ta Pioneer tana aiki da rekordbox tana kuma aiki da Serato DJ Lite ba sai ka ƙara ko sisi ba, shi ya sa take da daɗin farawa ga wanda bai tsayar da ra'ayi ba.

Kuma ka tabbata tana da katin sauti a cikinta. Laftof ramin sauti ɗaya gare ta, kai kuma biyu kake buƙata, ɗaya ya tafi sifika ɗaya ya zo kunnenka don ka ji waƙa ta gaba kafin jama'a su ji.

Mataki na 4: ka gwada da waƙoƙinka, ba da nasu ba

Wannan ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi ne ba a faɗa a bidiyon Turawa. Ka sauke na gwaji na manhaja biyu ko uku, ka zuba musu waƙoƙi iri ɗaya kamar 50 daga cikin waɗanda kake kunnawa da gaske, ka bar su su auna. Kowace manhaja za ta lissafa BPM, wato yawan bugu a minti ɗaya, sannan ta shimfiɗa layuka a kan waƙar daidai inda bugun yake sauka. Amapiano da afrobit ba sa ba su wahala, an yi su a kwamfuta bugu ba ya gocewa. Amma jefa musu tsohuwar waƙar kalangu ko ta kukuma da aka ɗauka makaɗa na kiɗa da hannu, nan za ka ga aiki. Makaɗi yana zafafa in waƙa ta yi daɗi ya sassauta in mawaƙi na wasa wani, layukan kuwa a tsaye suke, kafin a kai tsakiya sun rabu da bugun. Wasu waƙoƙin fim na Hausa ma masu tafiyar uku-uku sai ka ga an ba su lamba ninki biyu ko rabi, waƙa mai 70 a rubuta 140. In ka danna Sync, maɓallin da ke daidaita bugun waƙa biyu, a haka sai ka ji kamar dawaki biyu na sukuwa kowa da ƙafarsa.

Don haka abin dubawa ba wai wacce ba ta kuskure ba, duk suna yi. Ka duba wacce ce gyaran layin ya fi sauƙi a hannunka, da wacce za ka iya buga bugun da yatsa ka gyara lambar cikin sakan kaɗan. Sai ka ɗora jingil ɗinka a samfula, wato wurin ajiye gajerun sautuka a manhajar, ka ji ko yana fita a kan lokaci. Ka bar ta tana kiɗa awa biyu ba tsayawa ka ga ko za ta yi zafi ta tsaya. In kana taɓa maɓalli sauti na makara, a Windows ka sa direban ASIO na kontrolar ka rage jinkirin a saitin.

Af, ingancin fayil ma. Waƙar da ta yi yawo a Xender da WhatsApp har ta ƙanƙance, a waya lafiya lau, a babbar sifika kuwa sai ƙara kamar ana murza leda. Ka nemi MP3 mai lambar inganci 320kbps, babu manhajar da za ta gyara maka mai 64.

Mataki na 5: maganar lasisi

VirtualDJ kyauta ne don koyo a gida, amma da ka fara karɓar kuɗi ko ka jona babbar kontrola sai lasisi, ko dai biyan wata-wata ko ka biya sau ɗaya kusan dala 300. Na san a naira kuɗi ne mai nauyi, shi ya sa ake rububin kirak, wato manhajar da aka fasa don a yi amfani da ita ba lasisi. Ni ba na ba da wannan shawarar. Kirak ba ya karɓar sabuntawa, sabuwar kontrola ba lallai ya gane ta ba, kuma ta nan bairos ke shiga ya cinye maka waƙoƙin shekaru. In babu hali ka zauna a Serato Lite ko rekordbox ɗin da ya zo da kontrolarka ko Mixxx har Allah ya hore. Masu jawo waƙa kai tsaye daga Tidal ko SoundCloud kuwa kar ka dogara da su a wajen biki, netwok na iya ɗaukewa ana tsakiyar rawar ango.

Mataki na 6: ka zaɓa ka zauna

Bayan wata shida za ka tarar ka sa alamomin shiga a ɗaruruwan waƙoƙi, ka ware fulda ta shigowar amarya da ta iyaye mata da ta 'yan gayu, kuma duk wannan wahalar ba ta bin ka kai tsaye in ka koma wata manhajar, kowace da tsarin ajiyarta. Akwai irin su Lexicon da ke kwashe maka daga wannan zuwa waccan. Saboda haka gwajin duka ka gama shi yanzu tun waƙoƙin ba su yi yawa ba. Wadda ka tsayar, ka kwafe fuldar waƙoƙin da ta bayanan manhajar a wani hadis daban duk ƙarshen wata, ka kashe sabuntawar Windows ranar aiki, sannan ka ajiye haɗaɗɗen kiɗa na minti 30 a waya da igiyarta jone a miksa, in laftof ta tsaya ka ɗaga sautin wayar a miksa kafin ta dawo.