Kurakuran da ke ɓata ƙwayoyin ferobsikayit tun kafin a kai ga aunawa

Ɗalibin kimiyyar sinadarai da ya ɗauki aikin haɗa ƙwayoyin ferobsikayit (ƙananan ƙwayoyin sinadari masu fitar da haske) a Sakkwato yakan zaci wahalar tana cikin lissafin sinadarai. Lissafin ba ya da wuya. Tun 2015 ƙungiyar Kovalenko a Zurik ta bayyana yadda ake haɗa CsPbBr3 (haɗin siziyam, dalma da buromin, mai hasken kore) da danginsa, ƙwayoyi masu girman nanomita 4 zuwa 15. Abin da ke kayar da mutane danshi ne, da zafi, da kuma gaggawa.

Danshi ne kan gaba. Wanda ya bi hanya mai sauƙi, wato narkar da gishirin siziyam da na dalma a DMF (wani ruwan narkar da sinadarai) sannan ya ɗiga cikin toluwin, zai iya samun kore shar a watan Janairu, lokacin da hunturu ya busar da iska. Ya maimaita a Agusta, tsakiyar damina, sai abu ya fito dishi-dishi, ya hau zargin wanda ya sayar masa da kaya. Alhali DMF shan danshin iska yake yi duk sanda aka buɗe kwalba. A zuba wa DMF ɗin ƙwayoyin busarwa da ke tsotse ruwa, a gasa kwalabe a oben kafin aiki, a kuma rubuta danshin ranar a littafin gwaji. Mutane kaɗan ne ke yin wannan na ƙarshen, shi ne kuwa zai gaya maka dalilin da sakamakon jiya ya saɓa da na yau.

A hanya ta biyu, ta allura cikin zafi, inda ake tsirta siziyam oliyet cikin tulun gilashi mai zafi, kada ka tsallake busar da PbBr2 da oktadesin na awa guda a digiri 120 bayan an zuƙe iskar tulun. Siziyam oliyet kuma daskarewa yake idan ya huce, sai an ɗumama shi zuwa wajen digiri 100 kafin a zuƙa, in ba haka ba abin da ya shiga tulun bai kai abin da ka lissafa ba. Ana yin allurar tsakanin digiri 140 da 200, kuma gwargwadon zafi gwargwadon girman ƙwaya. Bayan daƙiƙa 5 sai tulu ya shiga ruwan ƙanƙara. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga ɗauke wuta, ƙanƙarar nan ta kasance cikin kula mai riƙe sanyi a gefenka tun kafin ka kunna murhu.

Wanki ne wurin da aiki mai kyau ya fi mutuwa. Asid ɗin oliyik da oliyilamin da ke lulluɓe da ƙwayar ba su riƙe ta da ƙarfi ba, kamawa suke suna saki. Ka zuba itanol ko asiton da yawa don son tsabta, sai ka tuɓe mata riga: ƙwayoyin su manne da juna, hasken ya dushe. CsPbI3, ɗan uwan CsPbBr3 mai ayodin, ya fi kowa raki, nan da nan yake barin siffarsa mai duhu ya koma ruwan ɗorawa, wadda ba ta da amfani ga farantin sola. Shi ya sa masu aiki da shi suka koma ga metil asitet marar ruwa. Wanki ɗaya, in ya yi yawa biyu, sannan a mayar cikin hekzen ko toluwin. A ganina gara ɗan datti da ƙwayar da ta mutu.

Kada bututun zuƙa ɗaya ya shiga kwalbar buromayid ya kuma shiga ta ayodayid. Ƙwayoyin suna musayar halayid, wato buromayid da ayodayid ɗinsu, cikin ɗan lokaci, launi ya kauce.

Sai ruɗin fitilar UV. Ganin kore ba hujja ba ce cewa duk abin da ke kwalbar CsPbBr3 ne. Idan siziyam ko oliyilamin ya yi yawa, wani sinadari daban, Cs4PbBr6, na fitowa, kuma ɗan CsPbBr3 da ya gauraya da shi ya isa ya haska kwalbar gaba ɗaya. Duba ko akwai tsinin shan haske wajen nanomita 314, alamar Cs4PbBr6, ka kuma kai samfurin a yi masa XRD (gwajin da ke nuna tsarin ƙwayar) da wuri, ba bayan ya yi wata guda a kan taga ba. Ajiya a duhu, cikin firji, murfi a ɗaure. In ka fito da kwalba, bar ta ta saki sanyi kafin ka buɗe, don kada raɓa ta sauka ciki.

Harafin Pb ɗin nan dalma ce, gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. DMF kuma yana ratsa fata. Sa safar hannu, ka canza ta da zarar ta jiƙe, kada ka ci ko ka sha a wurin aiki. Ruwan wanki, da auduga, da bututun da aka yi amfani da su a tara su a mazubi mai murfi da aka rubuta "dalma" a jikinsa, kada ko ɗigo ya bi kwata.