Kafin Ka Zaro Takardar Gwaji

A shekarata ta farko ta koyon aikin duba halayyar ɗan Adam a asibiti, an kawo mini wani dattijo da 'yarsa ta ce yawan mantuwa ya dame shi. Ban ɓata lokaci ba na yi masa gwajin MMSE, ɗan gajeren gwajin ƙwaƙwalwa da tuna abubuwa, wanda likita Folstein da abokan aikinsa suka fitar a 1975, mai maki 30. Na ce ya cire 7 daga 100 ya ci gaba da cirewa, na ce ya karanta jimla ya rubuta wata. Makinsa ya yi ƙasa sosai, har na fara rubuta cewa ciwon mantuwa ne. Malamar da ke kula da aikina ta karanta, ta yi mini tambaya biyu kawai: ya yi karatu? Me ya same shi kwanan nan? Ashe bai taɓa riƙe biro ba, kuma matarsa ta rasu wata biyu kafin zuwansa. Tun daga ranar nake sa hira a gaba, lura tana tafiya tare da ita, gwaji ya biyo baya.

Idan mutum ya zauna, ka fara gaya masa ko kai wane ne, da abin da za ku yi, da iyakar sirrin da za ka riƙe masa: maganarsa ba za ta fita ba sai idan rayuwarsa ko ta wani tana cikin haɗari. Kada ka bar wannan sai daga baya. Sannan ka ce, "Me ke tafe da kai?" ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya. Bakinka zai yi ta ƙaiƙayi, ka daure, domin sau da yawa jimla ta uku ko ta huɗu ce ke ɗauke da ainihin damuwar. Mutane da yawa ba sa cewa suna baƙin ciki. Za su ce kai na ciwo, ko ƙirji ya yi nauyi, ko barci ya ƙaurace musu.

Bayan ya gama, sai ka shiga ƙananan tambayoyi. Yaushe abin ya fara, me ya faru a lokacin, yaya barci da cin abinci, yana iya aikinsa, wane magani yake sha, yana ta'ammali da ƙwaya ko barasa, akwai mai irin wannan a danginsu? Tsawon lokaci yana da muhimmanci: littafin DSM-5 na 2013, wanda masana ke amfani da shi wajen tantance cututtukan ƙwaƙwalwa, bai kira abu babban ciwon damuwa ba sai an samu alamomi 5 cikin 9 na aƙalla mako biyu. Ka tuna kuma ƙarancin jini da raunin halittar wuya da ke jawo maƙoƙo suna iya kawo kasala mai kama da damuwa, don haka ina yawan tura mutum gwajin jini.

Tambayar da sababbin ma'aikata suka fi jin tsoro ita ce ta kashe kai. Ka yi ta kai tsaye, da murya mai taushi: "Ka taɓa jin gara mutuwa? Ka yi tunanin yadda za ka yi?" Tambaya ba ta dasa wannan tunani a zuciyar wanda ba shi da shi. Na ga mutane suna sauke ajiyar zuciya saboda an samu wanda ya tambaya.

Duk wannan lokacin idonka yana aiki. Tufafinsa, zamansa, saurin maganarsa, ko zancensa yana bin hanya ko yana tsalle, ko yana murmushi alhali yana ba da labari mai ɗaci. Ka rubuta abin da ka gani, ba fassararka ba: "tana murza yatsunta, ba ta ɗago kai ba," ba "tana jin tsoro" ba. Ga yaro, lura a aji ko a gida ta fi zama a ofis amfani. Ka rubuta abin da ya faru kafin ya yi rigimar, da abin da ya yi, da abin da ya biyo baya. Kwana kaɗan za ka ga zaren.

Yanzu ne gwaji, kuma ka zaɓe shi don amsa tambayar da hira ta bari. PHQ-9, gwajin ciwon damuwa, tambayoyi 9 ne kan mako biyun da suka wuce, maki daga 0 zuwa 27, kuma 10 ko sama yana nuna a zurfafa bincike, ba hukunci ba ne. Ni nakan duba amsar tambaya ta 9 kafin jimlar maki, don ita ce ta tunanin mutuwa. GAD-7 na fargaba ne. Gwajin basira na Wechsler an tsara shi matsakaicin maki ya zama 100, amma matsakaicin mutanen da aka gwada shi a kansu ne, saboda haka ka tambayi kanka ko harshe da karatun wanda ke gabanka sun yi daidai da nasu. MMPI-2 kuwa, gwajin ɗabi'a da halayyar mutum, tambayoyi 567 ne, ba na miƙa shi ga wanda ya kwana bai runtsa ba.

Idan maki ya saɓa wa abin da ka ji da wanda ka gani, kada ka ɓoye saɓanin a rahotonka. Ka sake kiran mutumin, ka ajiye takardar a gabanku biyu, ka nuna masa amsar ka ce, "Da ka zaɓi wannan, me kake nufi?"