Masu hawan doki a Ingila, ku lura da launin kibiya

'Yan'uwa da ke Ingila da Wales masu sha'awar kilisa, ba kowace hanyar karkara ake shiga da doki ba. A bakin hanya akwai ɗan allo mai kibiya. Idan ruwan ɗorawa ce, ta masu tafiya a ƙasa ce kawai. Shiga da doki sai da izinin mai gona. Shuɗiya ita ce taku, kamar burtali a gida, sai dai za ku haɗu da masu keke, kuma doka ta ce su kauce muku. Ja kuwa har mota na bi, sai a riƙe linzami da kyau.

Kafin ku ɗaura sirdi, ku duba taswira samfurin Explorer ta Ordnance Survey, hukumar zana taswira ta Birtaniya: dogayen layuka kore masu tsinkewa hanyar doki ce, gajeru ta ƙafa. In kun tarar an garƙame ƙofa da kwaɗo, kar ku yi cacar baki da manomi, ku kai ƙara hukumar gundumar.

Filayen da dokar shiga karkara ta shekarar 2000 ta buɗe wa jama'a, izinin shigarsu bai haɗa da doki ba. Scotland daban take, dokarta ta 2003 ta fi sassauci.