Kurakuran masu sa-kai wajen zama da waɗanda 'yan sanda suka tsare a Ingila

A Ingila da Wales, idan 'yan sanda suka tsare yaron da bai kai shekara 18 ba, ko babba mai larurar ƙwaƙwalwa ko raunin fahimta, dole a samo baligi ya zauna da shi. In babu iyaye ko dangi, sau da yawa ɗan sa-kai ake kira. Tushen abin shi ne shari'ar kisan Maxwell Confait a Landan a 1972, inda samari uku suka amsa laifin da ba su aikata ba, sai a 1975 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Bayan nan ne dokar PACE ta 1984 ta zo, wato dokar da ta tsara yadda 'yan sanda ke tsare mutum da yi masa tambayoyi.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne shiru. Da yawanmu mun taso da jin nauyin mai kaki, sai mutum ya shiga ɗakin tambayoyi ya naɗe hannu, alhali ƙa'idar ta ce shi ba ɗan kallo ba ne. Ka ga yaro ya sunkuyar da kai, duk abin da aka ce sai ya ce "eh"? Dakatar da tambayar. Ka ce ya maimaita da bakinsa abin da ya gane. Wanda ya kwana a tsare cikin tsoro yana iya amsa komai don dai a bar shi ya koma gida.

Sai kuma tambayarsa abin da ya faru. Tausayi ne ke kawo ta, amma kai ba lauya ba ne, doka ba ta rufe sirrin hirarku ba, ana iya kiran ka shaida. Tun a gaisuwa ka sanar da shi haka.

In ya ce ba ya son lauya, kada ka ce "to, shi ke nan". Lauyan kyauta ne, kuma kana da ikon sa a kira shi ko da yaron ya ƙi, sai dai ba a tilasta masa ganawa.

Don kana jin Hausa, kada ka karɓi aikin tafinta. Ka ce a nemo wani daban.

Mutane kuma kan manta da rajistar tsarewa. Nemi a nuna maka ita, ka duba lokacin da aka kawo shi, ko ya ci abinci, ko ya sha maganinsa. A bisa al'ada tsarewa ba ta wuce awa 24 ba tare da tuhuma ba, ana sake duba ta cikin awa 6 na farko, kuma yana da haƙƙin hutun awa 8. In ka ga giɓi, ka faɗa wa jami'in tsarewa, ka ce a rubuta.